Kare a Mota: Abin da Baturen Yawo da Mafaraucin Rurum Suka Yi Tarayya a Kai

A bazarar da ta wuce na je Rurum Sabon Gari gaida dangi. Wajen ƙarfe ɗaya na rana, ina zaune a gindin bishiya bakin hanya, sai ga wata akori-kura ta tsaya, cike da 'yan farauta da karnukansu. Karnukan sun kai goma, an ɗaure su a bayan motar, rabinsu a ƙarƙashin tamfol. Mutanen suka sauka neman abinci. Da suka dawo, bayan kamar rabin awa, ɗaya daga cikin karnukan ya kwanta warwas, harshe a waje ya yi jawur, yawu na dalala, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarsa. Mai shi, wani dattijo, ya ce lallai guba ya lasa a hanya. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ina jin zafi ne ya kama shi. A sauko da shi inuwa a kwara masa ruwa." Ya dube ni ya ce, "Yaro, karen da ke wuni a daji ne rana za ta kayar?"

Tambayar tasa tana da ma'ana, kuma amsarta ce ta sa na zauna rubuta wannan bayani. Amma bari in fara kai ka wani wuri mai nisa, sai mu dawo.

Idan kana kallon bidiyo a YouTube ko Facebook, wataƙila ka taɓa cin karo da Turawan nan masu yawo a wata irin mota mai gado da kicin da banɗaki a cikinta. Mutum da matarsa, galibi waɗanda suka yi ritaya, su taso daga Jamus ko Holan ko Ingila, su gangara Sifaniya da Fotugal da Italiya da Girka, su yi wata biyu ko uku suna kwana a bakin teku. Da yawansu da karnuka suke tafiya. Mu a nan abin yakan ba mu dariya: kare da gadonsa, da kwanonsa, har da fasfo. To amma ka cire kwalliyar, me ya rage? Mutum ne ya ɗauki kare a mota, ya bi doguwar hanya cikin zafi, ya kai shi ƙasar da jikinsa bai saba da ita ba. Abin da mafarautan Rano da Kibiya da Bunkure suke yi ke nan duk rani. Kuma kada ka ɗauka tafiyar tasu gajera ce. Bayin Allah 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, Allah Ya ji ƙansu, mafarauta ne da ke dawowa gida Kano daga jihar Ribas don yin sallah, da yawansu 'yan Torankawa ta Bunkure, nan maƙwabtanmu. Daga Fatakwal zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, kusan tsawon hanyar Paris zuwa Basalona.

Jikin kare ɗaya ne, a Basalona ko a Rurum. Don haka abin da masana suka gano a can yana da amfani a nan.

Kare ba ya gumi kamar ni da kai

Ka san dalilin da ruwan randa yake sanyi? Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma duk ɗigon da ya bushe yana tafiya da zafi. Giram ɗaya na ruwa idan ya zama tururi yana kwashe kusan kalori 580, wato sama da rabin kilokalori. Jikin ɗan'adam randa ne gaba ɗayansa: daga goshi har tafin ƙafa gumi yake fitarwa. Shi ya sa manomi zai iya wuni a rana muddin yana shan ruwa.

Kare bai samu wannan ba. Gumin da zai sanyaya shi ɗan kaɗan ne, a tafin ƙafa yake, bai taka kara ya karya ba. Randarsa ita ce harshe da cikin hanci da maƙogwaro. Hakin nan da kake gani yana yi, harshe a zare, iska yake turawa ta kan wannan jiƙaƙƙiyar fatar don ruwan ya bushe. A kwance cikin sanyi kare kan yi numfashi sau 10 zuwa 30 a minti. Cikin haki yana iya kai 300. Dabara ce mai kyau, amma tana da sharuɗɗa biyu: dole a samu ruwa a jiki, kuma dole iskar da yake shaƙa ta zama mai iya ɗaukar danshi.

Bari mu yi ɗan lissafi. Kare mai nauyin kilo 20, yana kwance bai yi komai ba, jikinsa na samar da zafin kusan kilokalori 660 a yini. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne. Idan iskar waje ta fi jikinsa sanyi, wani kaso na wannan zafin yana fita da kansa ta fata. Amma a Afrilun Kano, ran da ma'auni ya haura 40, iskar ta fi shi zafi, ba inda zafin zai bi sai ta tururi. Raba 660 da 0.58, za ka samu sama da lita ɗaya. Wannan fa na kwance ne. Karen da ke bin zomo a guje zafin da yake samarwa ya ninka haka sau da yawa. Karnuka goma a mota, ka ga jarka guda ba ta yi musu yawa ba. A motar da na gani, ledar fiya-wata ake yagawa ana ɗiga musu.

To me ya sa karen Baba yake jure daji amma mota ta kayar da shi? Saboda a daji yana da zaɓi. Yakan shige ƙarƙashin sabara, ya tona ƙasa ya kwanta a kan mai sanyi, ya faɗa kududdufi, ya rage gudu idan ya ji jiki. A bayan mota an ɗaure shi a kan ƙarfen da rana ta gasa, tsakanin 'yan'uwansa tara, kowanne na fitar da zafi da tururi. Muddin mota na tafiya iska na kwashewa. Da ta tsaya, a shingen jami'an tsaro ko wajen cin abinci, iskar da ke ƙarƙashin tamfol sai ta cika da danshin numfashinsu, kuma iskar da ta ƙoshi da danshi ba ta busar da komai. Karen ya ƙara haki, hakin kansa aiki ne da ke ƙara zafi, abu ya zama gaba kura baya sayaki. Da zafin jiki ya wuce digiri 41 an shiga haɗari: hanji ya fara lalacewa, jini ya rikice wajen daskarewa, ƙoda da ƙwaƙwalwa su taɓu. Amai da gudawa mai jini da tangaɗi, waɗanda mutane ke ɗauka alamun guba ne, su ne dai alamun wannan.

Wannan batu na danshi ya sa tafiya kudu ta fi haɗari fiye da yadda ma'aunin zafi ke nunawa. A watan Maris danshin iskar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, na Fatakwal kuwa yana wajen 80. Digiri 33 a can na iya wahalar da kare fiye da 38 a nan.

Game da rufaffiyar mota kuwa, irin bas ko ƙaramar mota, akwai wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Amurka a 2005. Sun auna motocin da aka ajiye a rana, suka ga cikin awa ɗaya zafin ciki na ƙaruwa da kusan digiri 22 a kan na waje, kuma kashi 80 na ƙarin a rabin awar farko yake faruwa. Sassauta gilashi kaɗan bai canza komai ba. Binciken don yara aka yi shi, saboda haka iyaye su ma su riƙe. Sai dai kada mu ɗora wa mota laifin duka. Masu bincike a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan sun duba bayanan karnukan da zafi ya kwantar a Birtaniya, a 2020 suka bayyana cewa kusan kashi 74 motsa jiki ne ya jawo musu, mota kashi 5 kacal. A ƙasa mai sanyi ke nan. Darasin a gare mu shi ne, karen da aka sauko da shi daga mota a galabaice, aka sake shi farauta nan take da tsakar rana, an haɗa masa biyun.

Idan ya faru, a fara sanyaya shi kafin a nemi likita. Inuwa, a kwara masa ruwa mai sanyi a jiki duka, musamman ciki da cinyoyi, a yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu a bari, buhun zai ɗumame ya riƙe zafin. Kada a ɗura masa ruwa a baki idan ba ya cikin hayyacinsa, zai shiga huhu. Kuma don Allah kada a ba shi maganin ciwon jikin mutane, irin su ibufurofen, suna ɓata wa kare ciki da ƙoda.

Fasfon nan ba ado ba ne

Yanzu ga babban abin da ya fi damuna, domin wancan ran kare ne, wannan kuwa ran 'ya'yanmu ne.

Tun 2004 Tarayyar Turai take da fasfon dabbobin gida. Kafin kare ya tsallaka iyaka sai an dasa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambarsa. Sannan a yi masa rigakafin ciwon haukan kare, ba kafin ya cika mako 12 ba, a jira kwana 21. Idan daga ƙasa irin tamu za a kai shi, abin ya fi tsauri: a ɗebi jininsa aƙalla kwana 30 bayan allurar, a tabbatar garkuwar ta kama, sannan a jira wata uku cur kafin ya shiga.

Me ya sa wata uku? Amsar tana cikin halin ƙwayar cutar. Ita ba ta bin jini kamar ta zazzaɓin cizon sauro. Tana shiga ta yawu a wurin cizo, ta laɓe a tsoka, sannan ta kama jijiya ta riƙa hawa a hankali zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Duk tsawon wannan tafiyar dabbar lafiyarta lau, tana ci, tana farauta, tana wasa da yara. Makonni ne, wani lokaci watanni. Sai ta isa ƙwaƙwalwa sannan ta gangaro cikin yawu, daga nan kare ya fara yaɗa ta, kuma cikin kamar kwana goma ya mutu. Wato karen da dila ko wani kare ya ciza a dajin nesa a watan Fabrairu zai iya hawa mota lafiya, ya sauka a Rurum lafiya, sai a Afrilu ya haukace a tsakar gida. Allurar da aka yi bayan ƙwayar ta riga ta shiga ba ta da tabbas. Wata ukun na jiran abin da ke ɓoye ne ya fito.

Turawa sun ga haka da idonsu. A Yunin 2013 wani kare ya ciji yara huɗu da babba ɗaya a birnin Toledo na Sifaniya. Aka harbe shi, gwaji ya nuna hauka ne. Masu shi sun yi yawo da shi a Maroko watanni kafin nan, suka dawo da shi ba bisa ƙa'ida ba. Rabon da a ga irin haka a babban yankin Sifaniya tun 1978. A tsibirin Bali na Indonesiya kuwa babu cutar sam sai 2008 da ta shiga, cikin 'yan shekaru ta kashe mutum sama da ɗari. Kare ba ya iyo daga wata ƙasa. Mutum ne ke ɗauko shi.

Mu kuma fa? A nan cutar ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutuwar mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka daga cizon kare, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, cizon yakan same shi a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa, tafiyar ƙwayar ta zama gajera. Sannan yaro kan ɓoye yaƙushi ko ƙaramin cizo don tsoron faɗa. Kuma karnukanmu suna yawo fiye da yadda muke zato. Ban da na farauta da na Fulani masu tashi, akwai fataken da ke bi ƙauye-ƙauye suna sayen karnuka su kai kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato, daga can a yi kudu da su. Masu bincike a Najeriya sun sha samun alamar ƙwayar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka suna kamar masu lafiya.

Ra'ayina a nan, kuma na san wasu abokan aikina za su ce na sassauta: ba ma buƙatar na'urar ƙarƙashin fata ko fasfo mai hoto. Kati ɗaya na asibitin dabbobi mai ɗauke da ranar allura ya isa a fara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke nan tun 1924, tana yin allurar karnuka a cikin ƙasar nan. Lissafin masana shi ne idan aka yi wa kashi 70 na karnukan yanki rigakafi, cutar ba ta samun isassun waɗanda za ta bi, sai ta mutu da kanta. Mafarauta kuwa sun fi kowa sauƙin kamawa, domin suna da ƙungiya, suna da shugabanni, sun san karnukansu ɗaya bayan ɗaya da suna. Wanda ya fi wuya shi ne karen unguwa da kowa ke ba tuwo amma ba mai cewa nasa ne.

Idan cizo ya riga ya faru, abu na farko ba asibiti ba ne, sabulu ne. A wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ana kwarara ruwan. Ƙwayar tana da riga ta kitse, sabulu na yaga ta. Minti 15 yana da tsawo, duba agogo, kada ka ƙiyasta. Daga nan a tafi asibiti a ranar, a fara allurai, a kuma cika su. Toka, barkono, man birki, gashin karen da ya yi cizon, babu wanda ke taɓa ƙwayar. Allurar tana aiki ne saboda jinkirin nan da na faɗa: tana koya wa jiki faɗa kafin ƙwayar ta kai ƙwaƙwalwa. Haka Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara tara a Paris a Yulin 1885. Amma da alamu sun bayyana, tsoron ruwa, firgita, shaƙewa, kusan babu mai tashi. Karen kuma, idan na gida ne kuma ana iya tsare shi ba tare da wani ya shiga haɗari ba, a ɗaure shi kwana goma ana kallo. In ya wuce su garau, yawunsa ba shi da cutar ranar cizon. Kada dai a zauna jiran kwana goman kafin a fara allura.

Ƙwarin can ba na nan ba ne

A taƙaice zan bi wannan. Baturen arewa da ya kai karensa gaɓar Bahar Rum yana tsoron wani mitsitsin ƙuda mai cizo da magariba, wanda ke ɗauke da cutar lishmaniya. Takan yi watanni ko shekaru kafin ta nuna, kare ya rame, gashi ya zube, ƙoda ta lalace, kuma tana kama mutane. Shi ya sa suke sa wa karnuka abin wuya mai maganin ƙwari, su shigar da su mota kafin faɗuwar rana. Namu kwatankwacin shi ne tsando. Duk mai shanu ya san sammore. To kare ma yana kamuwa, kuma karen arewa da aka kai dazukan tsakiya da kudu yana iya dawowa da zazzaɓi, dasashi fari fat, ido ya yi hazo kamar an shafa madara. Sai kaska, mai sa wa kare cutar da ke fasa jini har fitsari ya koma ja. A duba kunne da tsakanin yatsu duk yamma, a cire da abin matsewa, ba da farce ba, a kuma yi haka kafin a shigo gida.

Akwai kuma amai a mota, musamman ga kwikwiyo, saboda kunnen ciki na jin motsi ido kuma bai yarda ba. Kada a cika masa ciki kafin tashi. Ruwa dai kada a hana. Dokar hanya ta Italiya ta ce in dabba ta wuce ɗaya a mota, sai a keji ko a baya da shinge. Ba don tausayi kawai ba: kare mai kilo 20, a gudun kilomita 50 a awa, idan mota ta yi karo ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, zai bugi na gabansa da nauyin da ya kusa kilo 280. Igiya a wuya a buɗaɗɗiyar mota kuwa, in ta yi tsawon da zai iya tsallake gefe, rataya ce.

Karen Baba dai an sauko da shi. Wata mata ta kawo bokiti biyu daga rijiya, muka kwara, yara suna fifita da kwali. Bayan kamar minti ashirin ya ɗaga kai ya fara lasar ruwa da kansa. Na ce a bar shi ya huta kwana biyu ko uku, a lura da fitsarinsa, domin ɓarnar ƙoda takan biyo baya ko da an ga ya miƙe. Na kuma tambayi Baba ko an taɓa yi wa karnukan allura. Ya ce an yi wa biyu, shekara uku da ta wuce, lokacin da malaman dabbobi suka zo gari. Irin wadda aka saba yi a nan duk shekara ake sabunta ta, kuma tana buƙatar mako uku kafin ta kama. Ga mai shirin fita farauta bayan girbi, wato ya nemi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma tun amfanin gona yana tsaye.